BAƘON CIKIN CIYAWA: GA ZAƘI GA HARBI

Akwai wata kalma ta Turanci da ta cika kasuwa a zamanin nan, ita ce "antioksidan". Mai tallan ganyen shayi yana faɗinta, mai garin zogale yana faɗinta, haka nan masu yawo da kwalabe a tashar mota. To, ga kuma wani labari yana ta fitowa daga ɗakunan bincike na ƙasashen waje, cewa an sami irin wannan sinadari a jikin wata fumfuna wadda ke zaune cikin ciyawa. Labarin ba ƙarya ba ne. Amma tun kafin wani ya ɗura shi a kwalba ya kai wa marasa lafiya, ko ya cika buhu da irin ciyawa ya kai wa masu kiwo, ya kamata manoma da 'yan kasuwa da ma'aikata su san gindin maganar. Gama an taɓa yin garaje a kan wannan al'amari a Amurka, shanu kuwa su ne suka yi ta biyan kuɗin garajen har shekara talatin da huɗu kafin a gane inda cutar take.

Maganar a taƙaice ita ce, sinadarin nan aikin shuka yake yi, amfaninsa kuwa a gona yake, ran da ruwa ya ɗauke. Fumfunar da ke kawo shi kuma sau da yawa tana tafe da dafi. Saboda haka bai kamata a raba wa jama'a wani iri mai ɗauke da ita ba sai dabba ta ci shi an ga lafiyarta, kuma bai kamata a kira shi magani ba sai likitoci sun gwada.

TSATSA A JIKIN GANYE

Kowa ya san in an bar fartanya a waje da damina tsatsa takan kama ta. In an yanka gauta an ajiye, wurin yankan yakan yi duhu. Man gyaɗa kuma in ya daɗe a buɗe yakan sake wari da ɗanɗano. Duk waɗannan aikin abu guda ne, watau wani sashe na iskar da ake shaƙa, wanda ake kira oksijin. Ba a rayuwa sai da shi, amma kuma yana cin abu a hankali kamar yadda wuta ke cin itace. Duk abin da ke tare wannan ci, shi ake nufi da antioksidan. Da Hausa sai a ce mai hana tsatsa.

Shuka ma tana fama da irin tata tsatsar. Ganye shi ne madafarta. Da hasken rana, da ruwa, da iskar da ke shiga ta wasu 'yan ƙofofi na jikin ganye take dafa abincinta. Sa'ad da aka yi fari, sai ta rufe ƙofofin nan don kada ɗan ruwan da ya rage ya tsere. Rana kuwa ba ta daina dukan ganyen ba. Ƙarfin hasken nan da ya rasa aikin yi sai ya faɗa wa oksijin, ya mai da shi wani abu mai zafi kamar tartsatsin maƙera, wanda ke ƙona ganye daga ciki. Wannan yana cikin abin da ke sa gero ko masara su yi rawaya su ƙone in an yi kwana goma sha ba ruwa. Shukar da ke da isasshen abin kashe tartsatsin takan jure har ruwa ya dawo. Wadda ba ta da shi, ko ruwan ya dawo ya tarar da aikin gama ya gama.

BAƘON DA BA RAƁA BA NE

Hausawa suna cewa baƙo raɓa ne. To, ciyawa tana da wani baƙo wanda in ya sauka ba ya tashi. Fumfuna ce, dangin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, amma ita wannan ba ta fitowa fili. Zarurrukanta sun fi saƙar gizo siranta, suna bi ta cikin kara da gindin ganye, ba tabo, ba wari, ba wata alama. Ba a ganinsu sai an rina tsokar ganyen an sa a madubin likita. In ciyawar ta yi kai, sai su hau har cikin ƙwayar iri, 'ya ta gaji baƙon daga uwa. Wani masani Bajamushe, Anton de Bary, shi ya raɗa wa irin waɗannan suna a 1866, ya kira su endofait, watau mazauna cikin shuka. A 1898 aka ga ɗaya daga cikinsu a ƙwayar wata ciyawa da ke fitowa a gonakin alkama na Turai, wadda tun zamanin da aka san tana sa wa wanda ya ci ta jiri. Wadda aka fi yin bincike a kanta sunan danginta Epichloe, a ciyayin ƙasashen sanyi take zama.

Ciyawa ita ce mai masauki, tana ba da abinci da wurin kwana. Baƙon kuwa yana biyan haya ta hanya biyu. Ta fari, yana yin dafi mai korar ƙwari da dabbobin da ke son cin ciyawar. Ta biyu, yana taimakonta a lokacin fari da zafi. A nan ne maganar mai hana tsatsa ta shigo. Fumfunar tana yin wani irin sukari da ake kira manitol, wanda ke kashe tartsatsi. An kuma auna an ga sau da yawa ciyawa mai baƙo ta fi 'yar'uwarta maras baƙo yawan sinadaran da ake kira finol, dangin abin da ke sa goro bauri da zoɓo ja. A 2010 wani masani na Amurka, James White, da abokiyar aikinsa Monica Torres suka kawo wani ra'ayi mai kama hankali. Suka ce ita kanta fumfunar tana sakin ɗan tartsatsi kaɗan kaɗan a jikin ciyawa, wannan kuwa shi ke sa ciyawar ta zauna kullum cikin shiri, kamar yaron da aka yi wa lamba. Fari na zuwa, ya tarar da ita da makamanta a hannu.

Ga wani misali. A Amurka akwai gandun daji da ake kira Yeloston, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. A bakin maɓuɓɓugan nan, inda ƙasa ke da zafi ƙwarai, akwai wata ciyawa, dangin gero na nesa, tana tsiro abinta. A 2002 wata masaniya, Regina Redman, da abokan aikinta suka ba da labarin gwajin da suka yi. Sun raba ciyawar da fumfunarta, wadda ba Epichloe ba ce, wata ce dabam. Ko wacce ita kaɗai ba ta iya zafin da ya wuce digiri 38. Amma da suna tare, aka gasa saiwar da zafin digiri 65, awa goma kullum har kwana goma, ciyawar ba ta mutu ba. A tuna fa, a digiri 100 ruwa ke tafasa. Daga baya aka auna aka ga tartsatsin nan ba ya taruwa a jikin shukar da ke da baƙo kamar yadda yake taruwa a jikin maras shi. A 2007 kuma aka gano ita fumfunar ma tana da nata baƙon, wata ƙwayar bairas, in an cire ta aikin ya tashi.

Wannan shi ne zaƙin. Sai a ji harbin.

ABIN DA YA FARU A KENTAKI

A 1931 wani malamin gona na Jami'ar Kentaki, Dokta E. N. Fergus, ya tafi wani ƙauye na kan tudu don ya yi alƙalancin gasar masu yin maɗin takanda. Aka nuna masa wata gona a gefen dutse inda wata ciyawa, wadda Turawa ke kira fesku, take kore shar a lokacin da sauran ciyayi duk sun bushe don sanyi. Ya ɗebi irinta ya koma da shi. Bayan an gwada ta a gonakin gwaji, a 1943 aka fitar da ita ga manoma da sunan Kentucky 31.

Ba a taɓa ganin ciyawa mai farin jini kamarta ba. Tana fitowa a ƙasar da ta gaji, tana riƙe ƙasa kada ruwa ya zaizaye ta, ba ta jin fari, ƙwari ba sa damunta, shanu su ci ta har ƙasa ta sake tofowa. Manoma suka yi ta rububinta har ta rufe wajen eka miliyan 35, watau kusan ninki bakwai na faɗin Jihar Kano ta yau.

Ba a daɗe ba sai kuka ya fara tashi. Da sanyi shanu su gurgunce, wasu kofato ya zube, wasu bakin wutsiya ko na kunne ya bushe ya faɗi. Da zafi kuma jikinsu ya yi zafi, su yi ta haki, su bar kiwo su shiga tafki su tsaya, gashi ya yi buzu buzu, ba ƙiba, nono ya ragu, saniya ta ƙi ɗaukar ciki. Goɗiya ta wuce lokacin haihuwarta, in ta haihu kuma ba nono. Aka auna ciyawar a ɗakin bincike, aka ga abincin da ke cikinta ba laifi. Aka zargi taki, aka zargi ƙasa, aka zargi wani sinadari na ciyawar kanta, duk ba a dace ba.

Sai a 1977 Charles Bacon da abokan aikinsa na ma'aikatar gona ta Amurka suka fito da amsa. Sun je wata gona a jihar Jojiya mai garke biyu, ɗaya na ciwo, ɗaya lafiya lau, alhali duka fesku suke ci. Da suka sa ciyawar a madubi, sai suka ga makiyayar marasa lafiya kusan ko wane tushe da fumfuna a ciki, ɗaya makiyayar kuwa kaɗan ne ke da ita. Daga baya aka gane dafin, sunansa argobalin. Aikinsa shi ne ya matse jijiyoyin jini, jini ya kasa kai wa ƙafa da wutsiya, jiki kuma ya kasa fitar da zafi. A jihar Alabama aka yi gwajin kiwo na shekara huɗu, aka ga bajimin da ke cin ciyawa mai fumfuna yana ƙara nauyin wajen giram 500 a yini, mai cin wadda kusan ba fumfuna kuwa fiye da giram 800. A 1993 an ƙiyasta hasarar masu shanun nama na Amurka ta wannan hanya ta haura dala miliyan 600 ko wace shekara.

A lura da kyau, ba mugunta aka yi ba, ba kuma ƙarya aka yi wa manoma ba. Duk abin da aka faɗa na ƙarfin ciyawar gaskiya ne. Kuskuren guda ne: an dubi ciyawa da kyau, ba a dubi saniya da kyau ba.

AN GUDU BA A TSIRA BA

Da aka gane mai laifi, sai aka ce ai abin mai sauƙi ne, a kori baƙon. Cikin shekarun 1980 aka fitar da irin fesku wanda ba fumfuna, manoma da yawa suka kashe kuɗi suka nome tsohuwar ciyawa suka shuka sabuwa. Shanu suka yi ƙiba, nono ya dawo. Amma da aka yi fari, shanu kuma suka ci ta da yawa saboda ta fi daɗi, sai ta yi ta mutuwa, cikin 'yan shekaru makiyaya ta koma fili ko tsohuwar mai dafi ta sake mamaye ta. Ashe ƙarfin nan da aka yi ta yabo tun 1931 ba na ciyawar kaɗai ba ne, da hannun baƙon a ciki.

Mutanen Niyuzilan, ƙasar tumaki, su ma sun sha irin wannan. Tasu ciyawar sunanta raigiras. Da bazara tumakinsu sukan kama makyarkyata da tangaɗi, su faɗi, wasu su faɗa ruwa su mutu. A 1981 aka gano fumfunar cikin ciyawa ce ke jawo haka, da wani dafi da ake kira lolitirem. Su ma da suka shuka maras fumfuna, sai wani ƙwaro mai huda kara ya cinye ta. Da aka bincika sai aka ga abin da ke korar ƙwaron, watau feramin, dabam yake da abin da ke ka da tumaki.

Daga nan dabara ta fito. Tun da fumfunar iri iri ce kamar yadda dawa take iri iri, sai a nemo wadda ke da amfanin ba ta da dafin, a sa ta a cikin ciyawa. Aka tara ciyayi daga Turai da arewacin Afirka, aka yi ta tankaɗe da rairaya. Ko a nan ma an yi tuntuɓe. Wadda aka fara fitarwa a farkon shekarun 1990 ba ta da dafin makyarkyata, amma sai aka ga tana yin argobalin. Bayan wannan darasi ne aka tsananta gwaji da tumaki, har aka fitar da wadda ake kira AR1 a 2001. A Amurka kuwa, a 2000 aka fara sayar da fesku mai ɗauke da wata fumfuna da aka samo daga Maroko, da sunan MaxQ. Shanu suna ƙiba a kanta, ita kuma tana jure fari kusan kamar tsohuwar. Har wa yau masana sun ga taimakon baƙon ba kullum yake ba. Ya danganta da irin ciyawar, da irin fumfunar, da ƙasar da aka shuka. A wani wuri ya yi amfani, a wani wuri ya zama cima zaune.

INA RUWAN MANOMIN ƘASAR HAUSA?

Mai karatu zai ce, wannan ai labarin ƙasashen sanyi ne. Gaskiya ne, fesku da raigiras ba na ƙasar Kano ko Sakkwato ko Damagaram ba ne. Amma gero da dawa da masara da shinkafa da rake duk dangin ciyawa ne, su ma kuwa ba su rasa baƙi a jikinsu. Akwai wata fumfuna, Fusarium, da kan zauna cikin masara ba wata alama, daga baya ta bar wani dafi a ƙwayar. A 1988 masana na Afirka ta Kudu suka gano dafin, suka kira shi fumonisin, yana lalata ƙwaƙwalwar doki ya kashe shi. Cutar nan kuma da ke sa zangarniyar gero ta yi ta ɗigar da ruwa mai danƙo kamar zuma, daga baya ta fitar da baƙaƙen ƙwayoyi masu tauri, 'yar gida ɗaya ce da Epichloe, ƙwayoyin kuwa guba ne ga mutum da dabba. Makiyayi ma ba sai an gaya masa ba cewa abin da ke tsare shuka ba lalle ne ya zama alheri ga saniya ba, gama ya san abin da gyauron dawa ke yi wa shanu, ko da yake shi wannan dafin na dawar ne kanta.

Dabarar zaɓen fumfuna maras dafi kuwa ta riga ta shigo Nijeriya ta wata ƙofa. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta tara irin fumfunar da ke sa wa gyaɗa da masara gubar aflatoksin, ta ware waɗanda ba sa yin gubar, 'yan asalin ƙasar nan, ta ɗora su a kan gasasshiyar dawa. Shi ne Aflasafe, wanda aka yi wa rajista a 2014. Ana watsa kilo 10 a hekta, mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, gubar kuwa takan ragu da kashi 80 cikin 100 ko fiye. An yi shekaru ana gwada shi a gonakin manoma kafin a sake shi. Haka aikin ƙwarai yake.

Sa'an nan ga maganar kiwo. Burtali yana ƙanƙancewa, makiyaya tana zama gona, kullum kuma ana kiran masu shanu su shuka ciyawa. Duk inda aka ce a shuka, mai sayar da iri yana nan tafe, da buhu mai rubutun Turanci da alkawari mai daɗi. Ranar da za a ji ana tallan irin ciyawa "mai fumfunar jure fari" ba ta da nisa. Gara a san tambayar da za a yi tun ba a zo ba.

MAGANAR KWALBA

Saura masu cewa a tatso sinadarin a sha. Ya kamata a san yadda ake yin gwajin da ake ba da labarinsa. Akan rena fumfunar a cikin kwano, a tace ruwanta, a ɗiga shi cikin wani ruwa mai launin shunayya. In launin ya kwashe ya koma rawaya, sai a ce akwai mai hana tsatsa. Iyakar abin ke nan. Ruwan zoɓo ma yana yin haka, ruwan lemun tsami ma haka. Gwajin bai ce abin zai shiga jini ba, bai ce zai warkar da wani ciwo ba, bai kuma ce ba dafi a ciki ba. Matakin fari ne na tafiya mai nisa.

Ko mai hana tsatsan da aka sani sarai, in an mai da shi ƙwaya ba lalle ne ya yi amfani ba. A ƙasar Finlan an gwada maza masu shan taba fiye da 29,000, aka ba wasunsu ƙwayar karotin, sinadarin da ke sa karas da manja launinsu, har shekara biyar zuwa takwas. Da sakamako ya fito a 1994, sai aka ga waɗanda suka sha ƙwayar sun fi sauran kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin 100. In abin da ke cikin karas ya yi haka a kwalba, ina ga ruwan fumfunar da aka san danginta da dafi?

Wanda ke son mai hana tsatsa ba sai ya je nesa ba. Yana cikin zogale da kuka da zoɓo da tsamiya da gwanda da mangwaro da jar dawa. Jan launin karan dafi ma, wanda dukawa ke rina fata da shi, irinsa ne, dawa kuwa takan tara shi a daidai wurin da cuta ta taɓa ganyenta. Shi ne jan tabon da akan gani a ganyen dawa.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na fari, mai kiwon da aka kawo wa baƙon iri ya tambayi sunan ciyawar, da inda aka gwada ta a ƙasar nan, da irin dabbar da ta ci, da yawan shekarun gwajin. In mai sayarwa ya kasa amsa, a bar masa kayansa. In an saya, a fara da ɗan fili da dabba biyu ko uku. In aka ga haki, ko tsayuwa cikin ruwa, ko ɗingishi, ko makyarkyata, ko raguwar nono, a janye su nan da nan a kira malamin dabbobi.

Na biyu, 'yan kasuwa su sani fumfunar cikin iri takan riga irin mutuwa. Zafi da laima suna kashe ta cikin watanni, irin kuwa ya tsiro lafiya. Don haka masu sayar da irin nan a ƙasashen waje suke ajiye shi a wuri mai sanyi, a buhu na musamman, da ranar ƙarewa a jiki. Buhun da ya yi bazara a shago mai rufin kwano, mai yiwuwa ne rubutun kaɗai ya rage. Wanda ya sayar da shi a kan wannan alkawari ya sayar da abin da babu.

Na uku, masana na Shika da Samaru da Vom, da na Tarna a Maradi da Sadore kusa da Yamai, su ne aikin ya rataya a wuyansu. Ciyayin ƙasar nan ba abin rainawa ba ne. Gambar da aka ɗauka daga Shika aka kai Kolombiya, a 1980 aka fitar da ita ga manoman can da na Birazil, ta rufe filaye masu yawa. In gamba da kyasuwa da burgu da ƙarangiya suna da baƙi masu taimakonsu a kan fari, ya fi kyau 'yan ƙasa su gano su da kansu, da a jira wani ya gano ya dawo ya sayar. Amma ko wace fumfuna aka samu, bayan madubi da kwano sai gona, bayan gona sai garke. Hukuma kuma kada ta sa hannu a raba iri sai ta ga lissafin nauyin dabbobi, da nononsu, da haihuwarsu.

Na huɗu, manomi ya riƙe idonsa a buɗe. Dokta Fergus ba a ɗakin bincike ya tsinci ciyawarsa ba, a gonar wani manomi ya gan ta. Wanda ya lura da tushen gamba ko gero da ya tsaya kore ran da na kusa da shi suka ƙone, ya sa masa alama, ya ajiye irinsa a wuri mai sanyi maras laima, ya gaya wa malamin gona. Wannan fa ba cewa ba ne a daina zuba wa iri magani kafin shuka. Maganin iri yana tsare shuka daga cututtukan da aka sani, ba a barin tabbas don a kama tsammani.

Wani zai ce wannan duk ɓata lokaci ne, shanu suna ramewa yanzu, fari ba ya jiran gwaji. Maganarsa tana da kama hankali, amma ya yi lissafi. Gwajin kiwo na Alabama shekara huɗu ya ci. Rashin sanin abin da ke cikin ciyawar kuwa ya ci shekara talatin da huɗu, har yau ma ciyawar mai dafi tana nan a miliyoyin eka, gama abin da ya riga ya bazu cikin iri ba a kiransa ya dawo. Manomin Amurka yana da banki da gwamnati a bayansa, ya sha hasarar ya tashi. Mai saniya biyar a ƙasar Hausa, in uku suka gurgunce, wa zai ɗaga shi? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Baƙon cikin ciyawa ba abin kora ba ne, ba kuma abin yi wa shimfiɗa ido rufe ba ne. A san sunansa, a san abin da ya ƙunso a jakarsa, sa'an nan a bar saniya ta ba da shaida.